Ƙasar da Muka Tankaɗe

Birnin Gwari, 4 ga Maris

Saliha,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Jannatu da duk mutanen gidan Yaya Naziru. Ya zaman Zariya? Waya ta ƙi shiga kamar kullum, shi ya sa na ba direba takarda.

Har yanzu ni ne masanin 'yan sa-kai, malamin tarihin da ko kurciya bai taɓa harba ba. Duk Asabar suna gwajin harbi a ramin bayan gari, ni kuma in sa a tankaɗe ƙasar gangaren da harsashi ke shiga, mu tsince dalma, mu narke, mu sake zuba harsashi. Dabarata ce, na kuwa sha yabo har tafiyata ta canza.

Bature, gwanin harbinmu, ba shi da lafiya. Kin san shi da tara harsashi a kunci kamar goro, don saurin ɗura bindigar toka. Yanzu hannunsa na dama ya saki, ga murɗar ciki, ga mantuwa. Mutane na cewa waɗanda ya harbe a hanyar Dogon Dawa ne suke binsa. Shi ma ya ce yana jin takunsu da rana tsaka. Na yi masa dariya, amma da na fito sai da na waiwaya. Litinin zan kai shi asibiti Kaduna.

Ki shafa min kan Jannatu.

Mijinki,
Jaji

12 ga Maris

Saliha,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ba matattu ke bin Bature ba. Likita ta ce gubar dalma ce a jininsa. Ta ce ba ta baki kaɗai take shiga ba, har da hayaƙin narkawa da ƙurar wurin harbi, kuma ta fi yi wa yara ɓarna. Ina ta gyaɗa kai irin na masu ilimi, har ta ambaci ƙura.

Kin tuna ƙasar da na kawo bara waccan aka yaɓe ɗakinki? Mai laushin nan kamar gari, wadda maƙwabta suka yi ta yabo? Tankaɗaɗɗiyar ƙasar ramin ce. Na ga asara ce a bar ta. Ni da na karanta labarin yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a jarida, har na yi wa mutane bayani a majalisa!

A ɗakin nan Jannatu ta yi rarrafe. Kin sha ce min tana ƙwaƙular bango tana ci, ni kuma in ce duk yara haka suke.

Don Allah gobe ki kai ta a auna jininta, ki ambaci dalma da bakinki. Abin da suka faɗa ki rubuto min yadda yake, kada ki sassauta.

Mijinki,
Jaji

25 ga Maris

Saliha,

Ina gaishe ki da jinya, Allah Ya ba ki lada. Takardarki ta iso, kuma ba ki sassauta ba. Na gode. Na karanta inda kika ce an fara mata magani, amma likitanta ya ƙi yin alkawari a kan maganarta. Shekara uku, kalma biyar. Ni kuwa ina ta fahari wai 'yata mai tunani ce kamar ubanta.

Jiya na kwashe kayanki don a kankare ɗakin. Da na janye gado sai ga ramukan a jikin bango. Duk a tsayi ɗaya suke, daidai gwiwata, da sawun ƙananan farata a ciki. Na ƙirga har goma sha tara, na daina.

Magina sun kankare, an kai ƙasar nesa an binne. Amma har yanzu in na wuce ƙofar ina jin ƙwaƙular nan, a hankali, kamar lokacin da nake karatu ban ɗaga kai ba.

Kin ce ba ki san ranar dawowarku ba. Ban tambaya ba. Ki dai riƙa yi mata magana da yawa, ko ba ta amsa.

Mijinki,
Jaji