Tukunyar Oma

Ƙauyen Linha Welter, Brazil

Zuwa ga Yaya Ivoni,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, aikin takalma bai cinye miki yatsu ba. Baba yana gaishe ki, yana can cikin gonar taba.

Yaya, mun yi baƙuwa daga Jamus. Sunanta Wiebke, ɗaliba ce, wai tana bin sawun danginsu da suka hau jirgin ruwa suka zo nan noma. Ta ce kakan kakanta da namu uwarsu ɗaya. Oma, kakar taki da kike cewa ba ta dariya, to zo ki gani. Oma ta buɗe ɗakin gaba, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya. Ita ake fara miƙa wa ƙoƙon shayi. Ni ina bakin ƙofa ina ferar rogo.

Daga nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Ashe uwar kwaɓin nan da ke cikin tukunyar ƙasa, wadda Oma ke tayar da burodi da ita, wata kakar kakanninmu mai suna Apollonia ce ta ƙullo ta a ƙirjinta tun daga can, don kada sanyin teku ya kashe ta. Ni da nake hura tanda duk Asabar, ko murfin tukunyar ba a bari in taɓa. Kin san sai ranar aure ake gutsura wa mace, tukunyar kuma sai wadda za ta riƙe gida. Amma Oma ta ce za ta gutsura wa Wiebke ta mayar da ita garinsu. Ba aure, ba komai. Ta ce, "Wannan ta san darajar abu."

Ni ban sani ba ke nan?

Ƙanwarki,
Marlise

Novo Hamburgo

Marlise 'yar kurma,

Na samu takardarki, na yi dariya har mai gidan hayarmu ta leƙo. Ina gaida Baba da Oma.

Gaya mini gaskiya, kin taɓa tambayar Oma ko da abu ɗaya? Kina zaune kamar kaza a kan ƙwai, kina jira labari ya faɗo miki daga rufi. Waccan ta tsallako teku da tambayoyi cike da baki, dole a ba ta amsa. Kofin zinariya kuwa, wanda zai tafi ake ba wa. Ni ma ranar da zan taho birni na fara shan shayi da shi, ban ji daɗinsa ba.

Ki daina kumbura. In direban madara zai shigo, ki aiko mini da burodi, na nan kamar auduga yake.

Yayarki,
Ivoni

Yaya,

Gaisuwa. Ba burodi, kuma ban san ranar da za a yi ba.

Mun je maƙabartar coci. Wiebke ta ɗauki hoton kowane gicciyen ƙarfe, Oma na riƙe da hannunta tana faɗa mata wane ya haifi wane. Ni ina baya da bokitin furanni. Da muka dawo ta zana bishiyar dangi a babbar takarda. Sunana yana can ƙasa, ƙarami, kusa da inda kofinta ya bar zobe.

Ranar Juma'a da yamma Oma ta juye uwar kwaɓin a tsohon kwano, ta ajiye kusa da murhu don ta farka, ta fita wajen kaji. Wiebke ta nace sai ta taya ni wanke-wanke. Labarin kawai ta ji, ba ta taɓa ganin abin ba. Ta ɗauki kwanon, ta sunsuna, ta yamutsa fuska. Ina tsaye, Yaya. Ina kallo ta kankare shi tas cikin bokitin aladu, ta wanke har yana ƙyalli. Tukunyar ma ta wanke. Bakina a rufe. A raina na ce bari Oma ta ga mai sanin daraja.

Da Oma ta shigo ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kan akwatin itace, ta ɗora kwanon a cinya. Wiebke ta yi ta kuka. Na ɗauka zan ji daɗi. Har yanzu ban ji ba.

Marlise

Yaya,

Ban jira amsarki ba.

Jiya Oma ta same ni a wajen tatsa. Ta ce, "Kina tsaye a wurin." Na sunkuyar da kai. Ta ce baƙuwa ba ta sani ba, amma 'yar gida ta sani. Sai ta dangwara mini tukunyar a hannu, ta ce in tafi gidan ƙanwarta Kaka Erna, ita ma an gutsura mata ranar aurenta. Kin san ba sa magana tun rigimar iyakar gona. Wiebke ta roƙa ta bi ni. Oma ta ce baƙo ba ya zuwa wannan aike, wadda za ta riƙe tukunya ita ke zuwa. Ta ja mini kunne kada in yi godiya, in an gode wa uwar kwaɓi mutuwa take yi.

Na daɗe tsaye a ƙofar Kaka Erna. Ta leƙo ta ce 'yar wace ce wannan mai kama da gunki. Na faɗi sunan Mama, na faɗi na Oma, Ottilia, na haura har Apollonia, yadda na ji a maƙabarta. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta ce wato Ottilia ta kashe abin uwarsu. Na ce ba ita ba ce, ni ce. Ta cika mini fiye da rabi, ta ce in gaya wa tsohuwar nan nata ya fi tashi. Na gaya wa Oma. Ta ce ƙarya take yi, amma ta tambaye ni ko Erna ta rame.

Wiebke za ta tafi ranar Litinin. Ta tambayi Oma ko har yanzu za a gutsura mata. Oma ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi mai tukunya."

Marlise

Marlise,

Gaisuwa. Kar ki bar ni a rataye. Kin ba ta ko ba ki ba ta ba?

Ivoni

Yaya,

Gaisuwa. Ga burodi nan wajen direban madara, ni na kwaɓa.

Na ba ta. Na ƙulle mata a ƙyalle, na nuna mata yadda za ta sa a ƙirji. Ta buɗe baki za ta gode, na rufe mata da hannuna.

Amma kaɗan na ba ta. Kofin zinariyar nan kuma na wanke shi na mayar can saman kabad.

Ƙanwarki,
Marlise