Mangwaro a Gonar Aro

Al-Aziziya, Riyad.
Bayan ƙaramar Salla.

Aminina Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rekiya da yara. Ni ma lafiya lau nake, sai zafin Riyad da ba ya jin lallashi.

To, ranka ya daɗe, Kansila. Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe ina cikin sauke tumatir a kasuwar kayan gwari, don murna na saki kwali a ƙafar kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa. Yana ta faɗa, ni kuwa dariya ta ƙi barina. Wai Sha'aban da muka sha bulala tare a kan satar ɗinya, yau shi ne bakin Kwarin Marke a majalisar ƙaramar hukuma.

Ba gori nake yi maka ba, amma muryata har dushewa ta yi a waya. Babu ɗan garinmu da ke Riyad ko Jidda da ban sa ya kira gida ya ce a dangwala maka ba. Abin da nake gaya musu bai wuce wannan ba: ga mutumin da na bar wa aron gonar mahaifina tun tahowata, bai taɓa matsar da gambar iyaka ba, kuma duk kaka da kansa yake ɗaukar damin gero ya kai wa Inna, don a san gonar tana da mai ita. Na ce wanda ya riƙe gona haka, mazaɓa ba za ta gagare shi ba.

Yanzu sai aiki. Na san kansila ba gwamna ba ne, amma bakinka yana cikin rabon rumfunan kasuwa, da inda za a haƙa burtsatse, da gyaran kwalbatin nan da ke raba mu da asibiti kowace damina. Kada ka zama irin na baya, wanda sai a fosta ake ganinsa. In ka fara ƙiba da yawa, ƙanwata Bilƙisu za ta gaya mini.

Ka gaishe mini da Inna in ka leƙa ta. Allah ya taya ka riƙo.

Naka har kullum,
Maiwada.


Al-Aziziya, Riyad.
Tsakiyar damina.

Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Yaya ruwa? Na ji an ce bana shuka ta yi kyau.

Na rubuto da hannu ne na ba wani ɗan Katsina da zai koma gida, domin waya ta gagara. In na kira, wani ne yake ɗauka ya ce Honarabul yana mitin.

Na ga bidiyon dashen itatuwa da aka saka a zauren garinmu na waya. Ga ka nan cikin babbar riga, ka durƙusa kana binne dashen mangwaro, ana tafi. Wallahi daɗi ya cika ni. Na tura wa kowa, na nuna wa 'yan ɗakinmu, har wani ɗan Sudan mai sayar da albasa sai da na tsare shi ya kalla. Na yi ta cewa ku ga aikin aminina, tun bai shekara ba.

Sai Bilƙisu ta kira ni ta ce in sake kallo, in bar kallon rigarka, in dubi bayanka. Na duba. Sha'aban, marken nan mai karyayyen reshe, inda Baba yake ɗaure jakinsa, shi ne a bayanka. Ashe gonata nake ta yi wa tafi.

Ni da kai ba baƙi ba ne a Kwarin Marke. Mai aron gona yana shuka abin da zai girbe ya tashi, gero ko dawa ko wake. Ba ya dasa itace, domin itace zama yake yi, kuma duk wanda ya wuce ya gani zai ce gona ta sauya hannu. Ka tuna mahaifinka ne ma ya sa aka tumɓuke dashen gwaiba da mai aro ya yi a gonar wata gwauruwa saboda haka, muna tsaye muna kallo.

Da zan iya da na taho, amma iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana wurin sabuntawa, kuma babu fita daga ƙasar nan sai ta fito. Don haka ina nan ina ɗaukar kwalaye, zuciyata tana can gindin marke. Na gaya wa Bilƙisu kada ta yi maka mummunan zato, watakila ma'aikatan gandun daji ne suka yi kuskuren fili kai kuma ka ji kunyar hana su a gaban jama'a. In haka ne, ka faɗa mini. Kalma ɗaya daga bakinka ta ishe ni.

Ka gaida Rekiya da yara.

Amininka,
Maiwada.


Al-Aziziya, Riyad.
Bayan girbi.

Zuwa ga Kansila Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da mutanen gidanka.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Ka ce ƙaramar hukuma tana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ka ce lambun na al'umma ne, ka ce ai ni da kaina na ce ka yi aiki. Duk ban musa ba. Abin da ba ka faɗa ba, mijin Bilƙisu, Ghali, ya faɗa mini, domin yana tsaye a bakin taga ranar zaman majalisa.

Ya ce an nemi kowane kansila ya kawo fili a mazaɓarsa, wasu suka ce sai sun koma sun yi shawara da masu gonaki. Kai ne ka miƙe ka ce naka a shirye yake, mai shi ba ya ƙasar, kuma amininka ne, ba zai ce komai ba. Ya ce da dagaci ya aiko yana tunatar da kai cewa gonar aro ce, ka mayar masa da cewa yanzu magana tana hannun zaɓaɓɓu. Gonarka ta gado tana nan kusa da rafi, ta fi tawa ruwa. Ba ka tuna da ita ba.

Na yi baƙin ciki, Sha'aban, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Kuma ba ƙasar ce ta fi cin raina ba. Na daɗe ina da niyyar in na dawo in yanki rabin gonar nan in yi wa Baba sadaka da ita. Da ka ɗaga waya ka tambaye ni, da na ba ka, da an rubuta sunansa a allon da yanzu yake ɗauke da naka. Ka san ba zan hana ka ba, shi ya sa ba ka ga amfanin tambaya ba. Da amincinmu ka yi mini ƙwace.

Ghali ya ce in ba shi izini ya tara matasa su tumɓuke dashen. Na hana. Yaran garinmu ba su yi mini laifi ba, su sha mangwaronsu. In Allah ya dawo da ni zan shiga majalisar taku in faɗi tawa, ko da ba za ta dawo da komai ba. Tunda kai ne kansila, ka sa a riƙa ba dashen ruwa da rani, kada a ce an raba ni da gona don busassun sanduna.

Saura maganar Inna. Idonta ya yi rauni, ba ta fita, kuma babu wanda ya iya gaya mata. Tun da aka fara girbi take tambayar ko Sha'aban ya kawo dami. Ta ce bai taɓa makara ba, ko dai ba shi da lafiya ne. Na sa Bilƙisu ta samo damin gero a wurin Ghali, ta ce mata kai ka aiko, aiki ne ya hana ka zuwa. Inna ta shafa zangarniyar, ta ce geron gonar Malam ba ya ɓoyuwa, ta yi ta sa maka albarka.

Ba zan tona ka a wurinta ba. Amma ta ce lallai ka zo da kanka ta yi maka addu'a. Ka je. Ka durƙusa a gabanta kamar yadda ka saba, ka buɗe hannu, duk abin da ta roƙa maka ka ce amin.

Wassalam.

Maiwada ɗan Malam Bashari,
mai gonar gindin marke.