Mijina Ya Ɗora wa Kansa Laifin Ɓarin da Nake Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Kazaure, shekarata talatin da tara, ban yi aure da wuri ba. Cikin shekara biyar na yi ɓari sau huɗu, babu cikin da ya wuce wata uku. Na farkon ya zube ne kwana biyu bayan mun faɗi a mashin ni da maigidana, muna dawowa daga ta'aziyya a Gwiwa, taya ta shiga yashi. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma tun ranar ya sa a ransa shi ya taɓa min mahaifa. Ya hana ni daka, ya hana ni ɗaukar bokiti, har koyarwar da nake yi a firamare sai da ya sa na ajiye, mun yi sati ba ma magana a kan haka. Duk ɓarin da na yi sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Ki yafe min, ni na ja miki."

A na huɗun ƙanwata mai aikin jinya ta kai ni wani asibiti a Kano, bayan wankin ciki aka tura abin da ya fita gwaji. Makon jiya na koma karɓar sakamako ni kaɗai. Likitar ta ce mahaifata lafiya lau, faɗuwar ba ta yi min komai ba. Ta zana min wasu zare-zare a takarda, ta ce sunansu kuromosom, su ke ɗauke da gadon halitta. Wai tun ina cikin mahaifiyata zare-zaren cikin ƙwayayen haihuwata suka haɗu bibbiyu suka yi musayar gutsattsari, wurin musayar ya zama kamar ɗaurin da ke riƙe su, idan shekaru suka ja sai ya saki, wajen rabuwarsu lokacin da ƙwai ya nuna ɗaya ya bi inda ba nasa ba. Cikina na ƙarshe ya zo da ƙarin zare guda ɗaya, kuma a shekaruna galibi daga ƙwai ne.

Na ce, "Likita, akwai magani?"

Ta ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba, babu allurar da ke gyara ƙwai. Ana dacewa da mai kyau, amma kowace shekara raguwa suke."

Da na dawo maigidana ya tambaye ni, sai na ɓoye masa, na ce cewa suka yi in ƙara hutawa. Har murmushi ya yi, ya ce, "Kin gani ko? Wannan karon ko tsintsiya ba za ki taɓa ba."

Ba saki nake tsoro ba, ba halinsa ba ne. Idan na faɗa masa zan sauke masa laifin da ba nasa ba, amma zan raba shi da abu ɗaya da ke riƙe da shi, wato yana ganin hutu zai gyara. Ni kuma wallahi na gaji, yanzu in al'adata ta yi jinkiri ba murna nake ba, gabana ne ke faɗuwa.

In nuna masa takardar sakamakon, ko in bar shi da sa ransa? Kuma laifi ne in ce masa ba zan iya na biyar ba?