Sandar Golf Ta Ci Akushin Kaka

Yaya Hauwa,

Sallama irin ta Musulunci daga nan Umdurman ta Sudan. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara da mutanen Kano? Mu lafiya lau, sai dai takaici.

Tun da likita ya ce maigidana Baban Amira ya riƙa motsa jiki saboda ciwon suga, wani abokinsa na garin Bahri ya ja shi filin golf. Yanzu ba ma bugun ƙwallon ne ya dame shi ba, yadda ake fara jan sanda baya ne. Yau ya ja da kafaɗa, gobe ya karya wuyan hannu, jibi ya ce ƙugu ne ke fara juyawa. Duk a tsakar gidana, magidanci da furfurarsa.

Ran Juma'a na wanke akushin Kaka, wanda ta ɗauko a ka tun daga Kano a tafiyar Hajji, na kife shi kan gado a tsakar gida ya sha iska, sai ga Baban Amira da sandarsa. Wai ƙa'idar wasan ido ba ya barin ƙwallo, don haka bai waiwaya ba. Ya ja sandar da faɗi, akushi ya rabe biyu.

Ina tsince shi, sai ya ce, "Maman Amira, malesh, yi haƙuri. Amma kin ga wannan jan shi ne daidai."

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Kada ki gaya wa Inna. Akushin da ya tsallake Chadi lafiya, a gidana ya mutu.

Ƙanwarki,
Zainabu