Rediyon da Ba a Kunna Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau, in ban da gajiya.

Yaya, ƙanwarki ta koma makaranta da furfurarta. Asibitinmu ya kawo sababbin likitoci da ba sa jin Hausa, shugaba kuma ya ce teburin karɓar marasa lafiya sai wadda za ta iya Turanci da su. Shekara goma sha tara ina kan teburin nan, na san kowa da ciwonsa har da sunan kakarsa. Yanzu mu biyu aka sa a ajin Turanci na waya, ni da Mai Gilashi, abokiyar aikina da na koya wa aikin da hannuna. Wata biyu za a yi. Wadda ta fi maki ta zauna a teburin, ɗayar a mayar da ita ɗakin fayil.

Da rana ake ajin, lokacin hutun cin abinci. Ina shiga sito in kife bokiti in zauna tsakanin tsintsiya da kwalayen safar hannu, don nan ne kawai babu hayaniya. Kyamara kuwa ba na kunnawa, wa zai nuna wa duniya wannan wurin? Mu goma sha ɗaya ne daga wurare daban-daban, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar waya. Akwai wanda na sa wa Sarkin Surutu, ba a gama tambaya ya cafe, daidai ko ba daidai ba. Akwai wani tela dattijo da tef ɗin awo a wuya, tunda aka fara ban ji muryarsa ba, sai gyaɗa kai. Mai Gilashi har ta yi ƙawaye, suna dariya da Malama kamar tare suka tashi.

Matsalar ni ce. Kin san ba a banza aka sa min Rediyo a gidanmu ba. Kullum da na shiga sai na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da Turancin da na haddace, in tambayi gida da aiki. Wallahi, Yaya, ko mutum ɗaya bai taɓa amsawa ba. In Malama ta kira sunana na zage na kawo amsa, sai ta yi jim, ta faɗi wata kalma mai kama da "mutu", ta wuce kan na gaba. Na san ba ta jin Hausa, amma kullum a kira ka a ce maka mutu ai da ciwo. Ina jin nufinta Turancin nawa ne matacce. Na so in tambayi Mai Gilashi, girman kai ya hana ni. Ni da na nuna mata yadda ake buɗe kati?

Ki sa ni a addu'a. Na gaji ƙwarai, amma ba na so in rasa teburin nan.

Ƙanwarki,
Rediyo

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gidan baki ɗaya. Ban ga amsarki ba, na ce ko ƙafar ce ta sa ki gaba. Allah ya ƙara sauƙi.

An gama ajin. Zauna da kyau ki sha labari, in kin ga dama ki yi dariya, ni dai ta ƙi zo min.

Ranar jarrabawar baki aka ce dole kowa ya kunna kyamara. Na ture tsintsiyoyin gefe, na rataya farin zanen gado a bayana, na gyara ɗaurin kallabi. Malama ta kira ni, na fara jawabin da na yi sati ina bita a kan aikina. Ina cikin zuba sai na ga duk sun zuba min ido, Malama kuma ta sake faɗin kalmar nan tata. Sai telan nan da bai taɓa cewa uffan ba ya yi gyaran murya. Da Hausa ya yi min magana. Ya kira ni baiwar Allah, ya ce bakina suke gani yana motsi amma ba sa jin komai, in taɓa ɗan hoton makirfo mai jan layi da ke ƙasa. Wai kalmar "miyut" ce, ma'ana muryata a rufe take.

Yaya, jan layin nan tun ranar farko nake ganinsa. A wurin aikinmu in na'urar dafa kayan aikin likitoci ta nuna ja, to tana aiki ne, shi ya sa na ɗauka a kunne nake. Sati bakwai! Gaisuwar da na yi ta yi, amsoshin da na yi ta kawowa, har ranar da Sarkin Surutu ya ce mahaifiyarsa ba lafiya na yi masa jaje na tsawon minti biyu, ya ƙi kulawa na ƙullace shi. Ashe tsintsiya da bokiti nake yi wa.

Na taɓa hoton, jan layin ya ɓace. Fuskoki goma da Malama suna jirana. Ni da na yi sati bakwai Turanci na fita tar a bakina, ina sanin ana jina sai harshe ya ɗaure. Na yi barka da rana, na faɗi sunana, shi ke nan. Malama ta ƙara min lokaci, telan yana ta gyaɗa min kai, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A takardar sakamako Malama ta rubuta cewa ni mai kunya ce ƙwarai, ba na shiga mutane. Ki karanta wa maigidanki wannan, shi da yake cewa in na zo gidanku sai ya nemi audugar toshe kunne.

Mai Gilashi har kuka ta yi. Ta rantse ta ɗauka jan girma nake, ba na son yin kuskure a gabanta, ita kuma nauyina ya hana ta tambaya. Na yarda da ita, don halina ne ta ɗauka. Na yi wa shugaba bayani, ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ba ni haƙuri ya ce maki aka ce za a duba.

Tun Litinin ina ɗakin fayil. Babu taga, sai kantoci da ƙurar takarda. Daga nan ina jiyo Mai Gilashi tana kiran mutane, kuma ta iya, ba zan ɓoye ba. Jiya na ji wata tsohuwa mai hawan jini tana tambayar ina Rediyo ta shiga. Ban fito ba.

Yaya, don Allah ki ba ni amsa ko layi biyu ne. Ba sai kin ba ni haƙuri ba. Ki dai ce kin ji ni.

Taki har kullum,
Rediyo