Faifan da Sale Ya Juya

Zuwa ga Yaya Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya zafin Ikko? Mu nan Daura sai godiya.

Ɗanka Sale ya shiga uku a gidan siliman da yake aiki. Ranar Asabar aka kawo wani tsohon fim ɗin Indiya, labarin manomin da aka yi wa ƙazafin ƙona rumbun maigidansa. Sale, da yake shi ke haska fim, ya rikita faya-fayen, ya sa na ƙarshe a tsakiya. Sai muka ga alƙali ya wanke mutumin, muka yi tafi, can kuma sai ga ’yan sanda sun tasa shi zuwa kurkuku, fim ya ƙare, fitila ta kawo.

Malam Ilu mahauci ya miƙe ya ce, “Kai Sale, wa ya ɗaukaka ƙara?” Wasu ’yan Zango suka ce ai dama idon manomin bai kwanta musu ba. Ni da ake wa kallon mai karatu aka tambaya, na ce a nemi wani, don Indiyancina bai wuce naka ba.

Yanzu gari ya ɗauka wai da gangan Sale ya yi, don ya wulakanta talaka. Mai siliman ya dakatar da shi. Ka aiko masa da ’yar magana, ya san girmanka.

Ka gaida kowa. Ku sa Sale a addu’a, ku haɗa da manomin, don a Daura har yau yana tsare.

Ƙaninka,
Lawal