Makullin Akwatin Wuta

Baban Sereana,

Na wuce kasuwa, ban jira dawowarka daga teku ba.

Ɗazu mai gidan hayarmu ya zo ya garƙame akwatin wutar lantarki da kwaɗo, wai yara na taɓawa. 'Yarka ta tare shi: "Baba, in ruwa ya shigo kamar bara, wa zai kashe wutar? Mu jira ka taso daga garin Lautoka? Doka ma ba ta yarda ba." Ta nuna masa katinta na aikin lantarki. Ya miƙa mata makulli, har da "yi haƙuri, injiniya."

Makullin na rataye bayan ƙofa, rogo da kifi na tukunya. In ta dawo ka yaba mata da bakinka, kai da ka ce ba aikin mata ba ne.

Litia